Ganyen Zaƙin Baba da Shanun Baffa

Mahaifina bai taɓa shan taba ba, goro bai dame shi ba, nama ma tsoka ɗaya ta ishe shi. Abin da Allah ya jarrabe shi da shi sukari ne. Shayinsa na safe cokali biyar yake ci, kowane cokali da tozonsa. Idan Inna ta dama koko ta sa sukari daidai yadda mutane ke sha, sai ya kurɓa ya dube ta ya ce, "Rasuwa aka yi a gidan nan ba a gaya min ba?" Sannan ya jawo gwangwani ya ƙara.

Ni ce babbar 'yarsa, sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake kirana. A lokacin ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Tudun Wada, ina zuwa ƙauyenmu da ke kusa da Tiga duk ƙarshen mako. Ni na kai shi asibiti da ya fara yawan ƙishirwa da rama. Likita ya duba takardar gwaji ya ce ciwon suga ne, ya rubuta ƙwayoyi, ya ce sukari kuma an yi sallama.

"Zuwa yaushe?" in ji Baba.

"Har abada, Baba."

Baba ya ce, "Abadan duniya dai ko? Don na ji can akwai ƙoramar zuma."

Likita ya yi dariya. Ni ban yi ba. Yayan Baba wannan ciwon ne ya kama shi, ya raina shi, ɗan ƙaramin miki a yatsa ya zama sanadin da aka yanke masa ƙafa. Ni na yi jinyarsa, na san yadda wandon mutum ke zama idan aka naɗe ƙafa ɗaya aka soke da allura. Tsoro nake ji, kuma ni idan na ji tsoro faɗa nake yi.

Inna kuwa ta samu aikin da ta daɗe tana nema. Akwai shuwaka a bayan ɗakinta, inda ruwan wanke-wanke ke bi, ta fi mutum tsawo. Kullum da safe sai ta tsinko ganyen, ta murje, ta matse ruwan kore shar a kofi, ta tsaya a kan Baba sai ya shanye. Likita bai rubuta shuwaka ba, Inna ce ta rubuta. Baba yakan sha, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, ya ce shekara arba'in matar nan tana jiran ranar ramuwa.

Muka ɗauke gwangwanin sukari daga gidan. Muka ja wa mai shayin bakin masallaci kunne. Wata biyu muna yabon Baba, har ina ba da labarinsa a ɗakin malamai, sai kiyashi suka tona masa asiri. Wata Asabar na ga layinsu ya taso daga bakin ƙofa, ya hau bango, ya nufi ƙusar da yake rataye hularsa. Na sauke hular, sai ga sukari mai ƙwaya guda uku a naɗe cikin takarda. Ashe a ka yake yawo da shi. Na juyo na same shi yana kallona, ko kunya babu. Ya ce, "Na baƙi ne."

A makarantarmu akwai malamin aikin gona, mutum mai son shuke-shuken da ba wanda ya sani. Bayan ɗakin malamai cike yake da yankakkun jarkoki, kowace da abin da ke fitowa a ciki. Da ya ji ina ƙorafi, sai ya ja ni can ya tsinko wani ɗan ganye mai tsaga-tsaga a gefe, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ya ce in tauna. Na tauna ina shirin tofarwa. Zaƙi ya cika min baki har kunne, daga baya wani ɗan ɗaci-ɗaci ya biyo. Ya ce sunansa sitibiya, daga wata ƙasa mai nisa aka kawo shi, zaƙinsa ba na sukari ba ne, ba ya tayar da ciwon. Abin da ya fi ba ni mamaki, ya ce dangin shuwaka ne. Ya nuna min a furen: abin da ido ke gani kamar fure ɗaya, ashe ƙananan furanni ne da yawa a cushe cikin kofi guda, kuma irin yana da gashi a ka, iska ke ɗaukarsa. Na tuna furen shuwakar Inna, haka yake.

Ya ba ni tushe shida, ya yi min bayani. Yana son danshi amma ba ya son ruwa ya kwanta masa, don saiwarsa a sama-sama take. Da zarar ya fara ɗaure fure a fige kan, in ba haka ba ganyen zai ƙanƙance, zaƙin ya ragu. Irinsa ba ya fitowa sai da ƙyar, reshe ake yanka a dasa. Kuma ba ya mutuwa da kaka, idan aka yanke shi tushen yana nan, zai sake tohowa shekara da shekaru. Na zauna na rubuta duk wannan a takarda da kyakkyawan rubutu, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin muhimman wurare, kamar yadda nake yi wa ɗalibai. Na koma wurin likita ma, ya ce babu laifi, amma in gaya wa Baba wannan ba magani ba ne, ƙwayoyinsa suna nan daram.

Na ɗauko su a kwali a kan cinyata cikin bas, na hau babur da su har ƙofar gida. Baba yana zaune a tabarma ya gama shan shuwakarsa, ransa a ɓace. Na miƙa masa ganye ɗaya. Ya juya shi, ya shinshina, ya sa a baki. Sai muƙamuƙinsa ya tsaya. Idonsa ya kawo ruwa.

"Uwata," ya ce a hankali, "wannan halal ne?"

Da na gaya masa ɗan'uwan shuwaka ne, ya waiwaya ya harari bayan ɗakin Inna ya ce lallai kowane dangi ba a rasa mutumin kirki ɗaya. Inna ta ce a dasa kusa da shuwakarta tunda akwai ruwa. Baba ya ce sam, ba zai haɗa su su ƙulla zumunci ba. Ya kai su gonarsa ta dawa, can kusurwar da ke bakin rafi, ya yi musu kunya ta musamman. Na ba shi takardata, ya karɓa da hannu biyu ya ninke ya sa a aljihu. Sai bayan watanni na tuna Baba ajami yake karantawa, bai san ko harafi ɗaya na boko ba. Shekara talatin da wani abu ina 'yarsa, amma malanta ta rufe min ido. Shi kuma girman kai bai bar shi ya ce in karanta masa ba.

Daminar nan mun ji daɗi. Kullum ya dawo daga gona da ganye a aljihu, ya jefa uku ko huɗu a tukunyar shayi, ya kurɓa yana lumshe ido. Maƙwabta suka riƙa zuwa kallo, yana ba kowa rabin ganye, ba ya ba da guda. Kiyashi suka bar hula. Awon da ake masa a asibiti ya sauko, har likita ya ce ko mun canza tsoho ne.

Wajen ƙarshen damina na bi shi gona na ga kawunan sun fara ɗaure fure. Na kai hannu zan fige, ya riƙe min hannu kamar zan mari jariri.

"Me za ki yi?"

"Fige furen zan yi, Baba. Haka ake yi masa."

"In ji wa? Shekara hamsin ina noma ban taɓa ganin mai hankalin da ya fige furen amfaninsa ba. Ki dubi dawar nan. In na bi ta na yanke kawunan, me zan kai rumbu? Kara?"

"Wannan ba dawa ba ne, ganyensa ake so. Ai na rubuta maka."

"Na gani," in ji shi. "Rubutu ya yi kyau."

Na ce malamin gona ne ya faɗa. Ya tambaye ni dami nawa malamin ya ɗaure bara. Na ce a jarka yake shuka. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce to ya je ya koya wa jarka noma. Raina ya ɓaci, na faɗi maganganun da bai kamata 'ya ta faɗa wa uba a gonarsa ba, na ce taurin kai ne ya cinye ƙafar yayansa. Ya sunkuya ya ci gaba da cire ciyawa, ni kuma na dawo gida ina huci.

Ganyen ya yi abin da aka ce zai yi. Ya miƙe ya yi siriri, ya fitar da fararen furanni ƙanana, ganyen ya ƙanƙance, ɗacin nan na baya ya ƙaru. Baba ya kurɓi shayi ya ce jinin shuwaka ne ya motsa, dama ya san za a rina. Amma hankalinsa na kan iri. Da furen ya bushe ya je da ƙwarya zai tara, iska ta riƙa kwashe masa, dattijo da furfura yana bin gashi-gashi a tsakiyar gona yana cafka. Ya samu kusan cikin tafi ɗaya, ya ce baɗi rabin gonar nan ganyen zaƙi ne, har Kano za a riƙa zuwa saye. Da ya nuna min ƙunshin, na ga a cikin takardata ya naɗe shi. Jan layin da na ja a ƙarƙashin "irinsa ba ya fitowa" yana nan daidai kan ƙullin.

Akwai wani Bafulatani abokin Baba tun suna samari, rugarsu na tsallaken rafi, muna ce masa Baffa. Tsakaninsu akwai wata al'ada da ta girme ni. Duk shekara idan aka gama yankan dawa aka kwashe, Baffa zai koro shanunsa gonar Baba su yi makonni suna cin kara da ragowar ganye, su bar masa taki, Baba kuma ya aika masa da dawa. Ba a aike, ba a tambaya. Shanun ma sun san hanya.

Shekarar nan ma suka zo. Baba yana tsaye a wurin, ya riga ya tsinke ganyen da zai iya ya shanya a inuwa. Wata jar saniya mai karyayyen ƙaho ta fara kai baki kusurwar rafi, ta ɗaga kai kamar an kira ta, ta sake komawa da sauri. Kafin a ce haka sauran sun taru suna ture juna. Baffa ya ɗaga sanda zai kore su, Baba ya ce, "Bar su, mutumina. Ya ba da iri, ya gama aikinsa." A wurin Baba duk abin da ya yi fure ya yi ƙwaya to kara ne, kara kuma na shanu ne. Suka aske shi har ƙasa.

Baba ya yi wa irin ɗan fili a tsakar gida kamar na renon tumatir, nesa da shuwaka, ya barbaɗa, ya rufe da ciyawa, yana ba shi ruwa safe da yamma. Mako biyu, mako uku. Abubuwa suka fara fitowa, kuma duk wanda ya leƙo sai Baba ya tsinka ya ɗanɗana. Ya ci alayyafo, ya ci ɗan tumatir, ya ci wata ciyawa da ta sa leɓensa ya kumbura kwana biyu. Inna ta ce akuyarta ma tana zaɓe. Ganyen zaƙi ko ɗaya bai fito ba.

Busasshen da ya ajiye ya ƙare. Na koma wurin malamin gona in roƙo wani, sai na tarar da jarkokinsa sun bushe ƙarmas, an yi hutu ba wanda ya ba su ruwa. Yana ganina ya ce, yawwa, dama yana so in yanko masa reshe daga namu.

Asabar ɗin da ta biyo na shiga ɗakin Baba, na ga layin kiyashi a bango. Ban ko sauke hular ba. Na fito na same shi zaune ya ɗaure babban yatsan ƙafarsa da tsumma, wai tuntuɓe ya yi, kwana goma ke nan bai kame ba. Na fara faɗa, na yi ta yi, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Ya bar ni na gaji, sannan ya ce, "Uwata, ke kin san yadda mutum ke ji bakinsa na ɗaci tun asuba har ya kwanta? Ba tuwo sosai, ba koko, ba fura. Abu ɗaya na samu, shi ma na kashe shi da hannuna." Ban taɓa jin Baba ya ce ya yi kuskure ba sai ranar. Na zauna na kwance tsumman na wanke masa yatsan ina kuka, yana ce min in daina ɗiga masa hawaye a miki.

Amincewa da laifin bai kwana ba. Washegari ya tashi da sabon bayani, wai shanun mutumin nan ne suka cinye masa lafiya. Na tuna masa shi ya ce a bar su. Ya ce shi manomi ne, ba a kama shi da maganar da ya yi wa shanu. Ya riƙa faɗa a bakin masallaci, ya faɗa a kasuwa, har magana ta tsallaka rafi.

Na kai shi asibiti aka gyara mikin aka canza masa ƙwayoyi. Sati biyu bayan nan, ina gida da safe, sai ga sallamar Baffa, sanda a wuya, hannuwa a rataye a kanta. Suka gaisa doguwar gaisuwa, gida da iyali da shanu da sanyi, Baba yana amsawa yana kallon gefe.

"Malam, an ce kana ƙarar shanuna," in ji Baffa.

"Ni ban kai ƙarar kowa ba. Na dai ce Allah yana gani."

"To taso mu je su ba ka haƙuri. 'Yata, ke ma zo ki yi shaida."

Baba bai taka gonar ba tun ranar da shanu suka aske ganyen, don a ganinsa ba abin da mutum zai je yi a gona da rani. Muka tafi a hankali saboda yatsansa. Gonar fayau, sai guntayen kara da kashin shanu, shanun kuma suna bakin rafi suna shan ruwa. A kusurwar nan muka ga an kewaye wuri da ƙaya. Baffa ya sa sanda ya janye reshe ɗaya.

Tushe biyar ne a ciki, kore shar, kowane ya yi dumu-dumu. Inda da kara ɗaya ne siriri, yanzu rassa sun fi goma, ganyen manya. Ƙasar da danshi.

Baba ya tsaya baki buɗe. Baffa ya ce ranar da shanu suka ci, ya lura jar saniyar ta ja ta ja amma saiwar ba ta fito ba. Bayan Baba ya tafi sai ya tona gindin da yatsa, ya ga 'yan idanu farare suna shirin tohowa. "Ku manoma, abin da aka yanke wa kai a wurinku ya mutu. Mu kuwa saniya takan ci gamba har ƙasa, mu dawo mu tarar ta fi da. Da na ga gindin na san irin su ne." Sai ya sa ƙaya, kuma kullum idan ya kawo shanu shan ruwa ya ɗebo a gora ya zuba musu. Ɗaya ya mutu, saniya ta taka shi.

"Wata biyu kana wannan ba ka gaya min ba?" in ji Baba.

"Ai ka ce ya gama aikinsa. Na ce bari in ga wa ya fi sanin noma, kai ko saniyata." Ya yi dariya, sannan ya rage murya. "Kuma ban so in sa maka rai ya zo bai yi ba. Na ga abin da ya samu yayanka, Malam. Da wa zan riƙa faɗa in ka kwanta?"

Na kasa haƙuri na ce, "Wallahi duk wannan yana cikin takardar da na rubuta." Ba wanda ya ko waiwaye ni.

Baba ya durƙusa da ƙyar ya tsinki ganye ɗaya ya tauna. Na ga muƙamuƙinsa ya tsaya kamar ranar farko. Ya miƙa wa Baffa ɗaya, Baffa ya ce a'a, ya ɗanɗana tun tuni, shi abin yana sa shi tashin zuciya. Wata biyu yana ɗiban ruwa saboda ganyen da ba ya iya haɗiyewa.

Baba ya miƙe ya tambayi wacece mai karyayyen ƙahon. Baffa ya kira ta, ta taho tana kaɗa wutsiya. Sai Baba ya cire hularsa a gabanmu, ya zaro ƙunshin takarda, ya warware. Sukari ne, ƙwaya biyu. Ya dube su ɗan lokaci, ya ɗora a tafin hannu ya miƙa mata, ta lashe da harshe ɗaya.

"Ladan aski," in ji shi. Ya kakkaɓe hular ya nuna min cikinta, ya mayar kansa.

Ranar muka yanki rassa, na kai wa malamin gona nasa, sauran muka dasa a gida. Inna ta ce wuri mai danshi ɗaya ne a gidan, don haka suna nan gefen shuwaka har yau, kuma ba su ɗauki halinta ba. Yanzu Baba ne ke bi yana fige fure tun bai buɗe ba, yana yi wa duk wanda ya tsaya bayani cewa wannan ba dawa ba ne, sai mai dogon nazari ke gane shi. Ni ba a ambatona, saniya ce ake ɗan yaba wa.

Amma abin da na fi tunawa shi ne dawowarmu daga gonar a ranar. Su biyun suna gaba suna musu a kan ko takin bana ya kai na bara, ni ina baya rungume da rassa a cikin mayafi. Hanyar bakin rafi yashi ce. Ban san lokacin da na daina sauraronsu ba, na sunkuyar da kai ina bin sawun Baba, na dama da na hagu, ƙafafun duka biyu suna nan, ina ƙirgawa har muka iso gida.